Gyara da Inganta Na'urorin Lanƙwasa Ƙarfe Masu Araha a Shagunan Walda na Samaru da Sabon Gari, Zariya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Sakkwato daga Kwangila, ya wuce Hanwa da Palladan har ya shiga Samaru, zai ga ƙyamaren ƙarfe a jingine a bakin hanya, da tagogi, da gadaje masu hawa biyu na ɗalibai, da murhun gawayi, da kurar 'yan ga-ruwa. Tartsatsin walda ne ke fara ɗaukar ido. Sai dai kafin a kai ga walda an riga an yanka ƙarfen an lanƙwasa shi, kuma a wajen lanƙwasar nan ake gane aikin da zai zauna daidai da wanda za a yi ta bi da guduma ana cikawa da walda.

Na'urorin da ake wannan aiki da su a ƙananan shaguna da zaurukan gida iri huɗu ne: teburin lanƙwasa rodi, da na'urar naɗe fallen ƙarfe, da na'urar bututu mai aiki da jak, da na'urar gara uku mai yin da'ira. Wasu na kanti ne masu araha da ake shigowa da su, akasari daga Sin, wasu kuma mai shagon ne ya harhaɗa da hannunsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna inda waɗannan na'urori ke gazawa, da dalilin gazawar, da gyaran da za a iya yi musu da kayan da ke kasuwar Sabon Gari. Matsayin maƙalar shi ne, gyaran da aka fi saurin yi, wato ƙara wa na'ura ƙarfi, shi ne mafi ƙarancin amfani. Abin da na'ura mai araha ta rasa shi ne taurin jiki, da makwancin da ya dace da ƙarfen, da hanyar maimaita kusurwa ɗaya sau da yawa.

2.0 Waiwaye a kan ayyukan da suka gabata

Sarrafa ƙarfe ya daɗe a wannan yanki. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, waɗanda aka danganta da shekaru dubu na farko na Miladiyya, kuma J. E. G. Sutton ya yi rubutu a kan aikin ƙarfe a kewayen Zariya a 1976. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 game da maƙeran birnin Kano, ya bayyana tsarin sana'ar da kayan aikinta da yadda ake gadon ta. A wannan tsohuwar sana'a da wuta ake lanƙwasa ƙarfe: a zuga, a ciro shi da awartaki yana ja, a ɗora a uwar maƙera. Lanƙwasa ƙarfe da sanyinsa, wadda ita ce batun wannan maƙala, ta bazu ne bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu a gefen tasha, rodi da bututu da fallen ƙarfe na masana'anta suka shigo kasuwa. Har yau guntun ƙarfen dogo na cikin abubuwan da ake dukan ƙarfe a kansu a shaguna.

Rukuni na biyu na rubuce-rubucen ya fito ne daga masu ra'ayin matsakaiciyar fasaha. E. F. Schumacher da abokansa sun kafa ƙungiyar ITDG a Ingila a 1966, wadda a yau ake kira Practical Action, kuma Zariya na cikin wuraren da ra'ayin ya fara zama aiki. S. W. Eaves da J. R. Pollock sun tattara zane-zanen kayan asibiti da aka ƙera a wani wurin aiki a Zariya. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar ta gudanar da aikin gwada kayan noma a Daudawa, kusa da Funtuwa, ta kuma buga zanen kayan da Cibiyar Bunƙasa Masana'antu ta Zariya ta tsara, ciki har da abin cirar gyaɗa da abin noman ciyawa da ake ɗaura wa garmar shanu ta Emcot. Daga cikin littattafanta na koyar da ƙira akwai na R. D. Mann a kan na'urar da ke lanƙwasa ƙarfe da sanyinsa ya zama ƙafar amalanke, da na Rob Hitchings a kan na'urar naɗe falle da ta mulmula shi.

Waɗannan littattafai suna da amfani har gobe, amma sun ɗauka cewa mai sana'a zai fara ne daga tushe da sabon ƙarfe mai tabbataccen awo. Haka ma yawancin ayyukan kammala karatu na ɗaliban injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Nijeriya: a zana sabuwar na'ura, a ƙera, a gwada. Kenneth King, wanda ya wallafa nazarinsa a kan masu sana'ar hannu na Kenya a 1977 ya sake wallafa wani a kansu a 1996, ya fi kusa da ainihin abin da ke faruwa a shago, domin ya mai da hankali ga yadda masu sana'a ke ƙera injinan aikinsu da kansu. Giɓin da ya rage shi ne na na'urar da take hannu, wadda ta riga ta karkace, mai ita kuma ba shi da halin sayen wata.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar siffantawa da lissafi. An ɗauki kowace na'ura yadda aka saba ganin ta a shagunan yankin, aka duba aibin da ke fitowa a jikin aikin, aka bi shi zuwa sashen na'urar da ya haifar da shi, sannan aka auna gyaran da sanannun ƙa'idojin injiniyanci. An yi lissafin a kan ƙarfe mai laushi, wanda ke fara lanƙwasa ta dindindin a wajen megafaskal 250, da rodin gini mai zane, wanda ƙa'idarsa ta kama daga 460 zuwa 500. A maƙalar, makwanci na nufin sashen da ƙarfe ke kwanciya a ciki ya ɗauki siffa, madanni shi ne mai tura shi ciki, turke shi ne sandan da ake kewaya rodi a jikinsa, ja-da-baya kuma ita ce 'yar buɗewar da ƙarfe ke yi idan an sake shi.

4.0 Nazari

4.1 Ƙarin ƙarfi da taurin jiki

Idan na'urar naɗe falle ta ƙi cin ƙarfe, abin da yaran shago ke fara yi shi ne su zura dogon bututu a mariƙinta su rataya. Lissafin abin mai sauƙi ne. Mutumin da ke ja da nauyin kilo 30 a kan mariƙi mai tsawon mita 1, idan ƙarfen na da nisan santimita 5 daga majuyi, yana danna shi da kilo 600. In an ninka tsawon mariƙin, ya koma kilo 1,200, kuma wannan nauyi duka a kan hinji da sandan matsewa yake sauka. Dalilin cijewar na'urar kuwa shi ne, ƙarfin da ake buƙata yana hawa ne da ninkin kauri a kan kansa: fallen milimita 2 yana neman ninki huɗu na abin da na milimita 1 ke nema.

Sakamakon a jikin aikin yake bayyana. Gefe da gefe, kusa da hinji, kusurwar ta fita tsaf, tsakiya kuwa ta yi ciki, domin sandan matsewa ya ɗaga a tsakiya ya bar fallen ya zame. Murfin akwatin ƙarfe da aka naɗe a irin wannan na'ura ba ya haɗa baki. Gyaran yana cikin yadda aka jera ƙarfen na'urar, ba lallai sai an ƙara mata nauyi mai yawa ba. Ƙarfe mai faɗin milimita 50 da kaurin 10, idan aka tsayar da shi a kan gefensa, ya fi tauri ninki 25 a kan yadda yake idan an kwantar da shi. Saboda haka tsayar da irin wannan ƙarfe a bayan sandan matsewa, ko kifa angul a kansa a yi masa walda tsalli-tsalli, ya fi lafta wani fallen a kwance. Wanda ya fi wannan shi ne a kafa ɗan ginshiƙi a tsakiyar sandan, a ratsa rodi ta kansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a sa noti. Ɗaure notin yana danna tsakiyar ƙasa tun kafin a fara aiki, kuma ana iya ƙarawa ko sassautawa gwargwadon kaurin falle.

A kula da tsawo. Sanda mai ɗauke da nauyi a duk tsawonsa, in an ninka tsawon, lotsawarsa tana ninkuwa sau 16. Mai shagon da ya kwaikwayi na'urar ƙafa 2 ya miƙe ta ta kai ƙafa 4 don ta ci faɗin falle guda, da irin angul ɗin da aka yi ta farko, ya ƙera abin da ba zai taɓa ba da miƙaƙƙen layi ba. Sai kuma hinji: dole tsakiyar ƙusarsa ta yi daidai da bakin teburin na'urar. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a zura miƙaƙƙen rodi guda ta cikin hinjin biyu kafin a ɗiga walda, don su zauna a layi ɗaya.

4.2 Turke da rodin gini

Teburin mai lanƙwasa rodi shi ne mafi araha a cikin na'urorin, shi ne kuma wanda kuskurensa ya fi tsada, tunda aikinsa cikin kankare yake shiga, ba mai sake ganin sa. Katako ne ko ƙarfe da aka kafa wa guntayen rodi a tsaye, sai makulli ko bututun da ake jan rodin da shi. Sau da yawa turken da rodin da ake lanƙwasawa kaurinsu ɗaya.

Idan aka lanƙwasa ɗanyen karan dawa, bayansa ne ke tsagewa, cikinsa ya tattare. Haka rodi yake, kuma ana iya lissafa miƙewar da bayan ke yi. A kan turke mai kauri ɗaya da rodin, fatar waje tana miƙewa da kusan kashi 50 cikin 100. A kan turken da ya ninka kaurin rodin sau huɗu, miƙewar ta sauko zuwa kashi 20. Wannan ne ya sa ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 8666 ta ajiye cewa rodin da bai wuce milimita 16 ba, kada turkensa ya gaza ninki 4 na kaurinsa, daga milimita 20 zuwa sama kuma ninki 7. Ke nan rodin 12 yana buƙatar turken milimita 48, rodin 20 kuma na 140.

Maganar ta fi nauyi a Nijeriya, domin rodi da yawa a kasuwa daga narkakken ƙarfen gwangwan ake yin sa, kuma taurinsa kan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Wani yana lanƙwasuwa lafiya, wani yana yin tsaga a gindin zanensa, wani ya karye nan take. Wanda ya karye an huta da shi. Abin tsoro shi ne mai siririyar tsagar da ido bai kama ba, wanda za a ɗaure a zoben ginshiƙi ko a gwiwar linta a zuba kankare a kai.

Gyaran bai kai kuɗin rodi guda ba. A yanko guntayen bututu masu kauri daban-daban, a riƙa zura su a kan turken kamar zobe, kowane girman rodi da nasa, a rubuta lambar a jiki. Bututun ruwa na inci ɗaya da rabi, alal misali, faɗinsa ta waje milimita 48.3 ne, daidai buƙatar rodin 12. In an cika tsakaninsa da turken da ƙaramin bututu don kada ya lotse, ya wadatar. Akwai kuma abu biyu da ya kamata a daina. Na farko gasa rodi mai zane don ya yi laushi, domin irin wanda aka taurara fatarsa da ruwa a masana'anta yana rasa ƙarfinsa a inda wuta ta taɓa. Na biyu amfani da gwiwar da aka yi wa rodi mai tsawon mita 12 don ya shiga mota: an lanƙwasa wurin, an miƙe shi da duka, bai kamata ya faɗa inda nauyin gini ya fi taruwa ba.

4.3 Na'urar bututu mai jak

Ƙorafin da aka fi yi da wannan na'ura shi ne tana murƙushe bututu maimakon ta lanƙwasa shi. Yawanci laifin na awo ne. An yi makwantanta ne don bututun ruwa mai kaurin jiki, wanda sunansa da ainihin faɗinsa ba ɗaya ba ne: na rabin inci milimita 21.3 ne ta waje, na inci ɗaya kuma ya haura 33. Bututun kujera da na gado kuwa, mai inci ɗaya milimita 25.4 ne, ga shi da siririn jiki. In aka sa shi a makwancin da ya fi shi faɗi, gefunansa ba su da abin jingina, sai su baje, ciki ya karye.

Ana magance wannan ta hanyar tsaga wani bututu biyu a tsaye a shimfiɗa rabin a cikin makwancin har ya rungumi aikin ba tare da rata ba. Garori biyu da ke tare bututun su ma suna barin tabo, don a ɗan ƙaramin wuri suke taɓa shi. Rabin bututu da aka ɗora tsakaninsu da aikin yana raba nauyin. Layin ɗinkin da ke jikin bututun a juya shi ya kalli gefe, inda ba miƙewa ba tattarewa. Ga bututu mai kusurwa huɗu, wanda ake yawan yin ƙyamare da shi, a manna siririn rodi a tsakiyar makwancin, ya tura bangon ciki ya lotsa a tsare maimakon ya yi ƙwanƙwasai.

Tsohuwar dabarar ɗura yashi tana nan da amfaninta, da sharaɗin yashin ya bushe ƙayau, an tankaɗe shi, an bubbuga bututun har ya daina karɓa, an toshe bakin biyu. Jiƙaƙƙen yashi a rufaffen bututu, in aka kusanta shi da wuta, tururi ne zai taru har ya yi bindiga.

4.4 Matsi da gara uku

Jak ɗin mota da aka kafa a cikin firam yana iya zama na'urar matsa falle mai kauri, in an san iyakarsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce bakin makwanci ya ninka kaurin falle sau 8. Fallen milimita 3 a makwancin milimita 24 yana neman tan 21 zuwa 25 a kowace mita, don haka jak mai tan 10 zai ci faɗin santimita 30 cikin sauƙi, amma ba zai ci mita guda ba. Sa babban jak a firam ɗin da aka yi don ƙarami mayar da matsalar ne kan ƙusoshi da walda.

Na'urar gara uku kuwa aibinta biyu ne: santsi, da miƙaƙƙen baki da take bari a farko da ƙarshen ƙarfe. Haɗa garorin ƙasa biyu da sarƙar babur da haƙoranta yana sa su ja tare, santsin ya ragu. Bakin kuma a fara lanƙwasa shi da guduma kafin a zura, ko a bar rara a yanke daga baya.

4.5 Ja-da-baya da awon yanka

Kowane ƙarfe yana ɗan buɗewa idan an sake shi. A matsattsiyar gwiwa ta ƙarfe mai laushi abin bai wuce 'yan digiri ba, amma yana ƙaruwa da taurin ƙarfen da kuma faɗin gwiwar. Gwani yana cike wannan da ido, kuma idonsa abin girmamawa ne. Matsalar tana tasowa ne idan an ba da kwangilar kujeru 100 aka raba aikin tsakanin maigida da yaransa, kowa da irin idonsa. Birki shi ne maganin: ƙusa mai zare da noti biyu, a kafa ta inda mariƙi zai tsaya. A gwada da guntu ɗaya, a auna da sukwaya, a juya ƙusar har kusurwa ta fita, a ɗaure. Duk lokacin da aka sayo sabon kaya a sake gwajin.

Awon yanka ma yana cin ƙarfe a ɓoye. Fallen milimita 3 da aka naɗe digiri 90, cikin gwiwar kuma na da rabin faɗin da'ira milimita 3, yana ba da rarar kusan milimita 5.4 idan ana awo ta waje. Mai son gefe biyu na milimita 100 kowanne zai yanka kusan 194.6 ne maimakon 200. Firam mai gwiwa huɗu da ba a cire masa wannan ba kewayensa zai wuce awo da fiye da santimita 2.

4.6 Kayan gwangwan da lafiyar ma'aikaci

Wurin 'yan gwangwan ne ake samun mafi ingancin ƙarfen gyara: sifirin mota don bakin madanni, sandan aksul don turke da gara, boris don majuyi. Sifirin da aksul suna da tauri saboda yawan sinadarin kabon da ke cikinsu, kuma wannan ne ke sa su tsage a gefen walda idan an yi ta da sanyi. A ɗaure su da ƙusa in da hali, in kuwa walda ta zama dole a ɗumama kafin a fara, a bar su su huce a hankali cikin toka ko busasshen yashi. Ƙusar da ke ɗaukar nauyi a duba kanta: mai lamba 8.8 ta ninka mai 4.6 ƙarfi. Makwancin zubi na na'urorin kanti ba ya gargaɗi, fashewa yake yi ya watsa ɓaraguzai, don haka kada a tsaya a saitinsa, a kuma kafa kariyar falle. Bututu mai rufin zinki idan an gasa shi yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. A kankare rufin, a yi aikin a fili.

5.0 Abin da ya rage ga cibiyoyin Samaru

Garuruwa kaɗan ne a Arewa suka tara abin da Samaru ta tara. Ga tashar binciken noma da aka kafa a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, tana da sashen ƙera injinan noma. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da tsangayar injiniyancinta. Ga cibiyar NAERLS da ta saba isar da sakamakon bincike ga manoma da Hausa. Injin casar da aka tsara a cibiya, a ƙarshe mai walda ne zai kwaikwaye shi ya sayar wa manomi, kuma ingancin mazurarinsa da murfinsa ya dogara ga na'urar naɗin da ke shagon.

Ayyuka biyu suna jiran mai ɗauka. Ɗaya shi ne a sayo samfurin rodi da bututu da falle daga dillalan Sabon Gari a gwada su a ɗakin gwaji, a fitar da jadawalin ja-da-baya da kaurin turke da awon yanka na ƙarfen da ake sayarwa a nan, da Hausa, a takarda guda da za a liƙa a bangon shago. Ɗayan shi ne a riƙa karɓar gyaran na'urar da ke aiki a wani shago a Samaru ko Muciya a matsayin aikin kammala karatu, a auna ɗalibi da bambancin kusurwa tsakanin guntu na farko da na hamsin, kafin gyara da bayansa, mai shagon kuma ya kasance cikin masu duba sakamakon.